Igwa Shida na Katako

Philadelphia, Wata na Bakwai, 1798

Yaya Jabez,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Yaya Mehitabel da yara, kuma gwiwar nan taka ta bar ka ka sarara. Mu nan ƙalau muke, sai zafi da warin bakin kogi irin na kowace shekara.

Maganar jirginmu Concord ce. Rabinsa naka ne tun rabon gadon kakanmu, don haka ba na yin abu a kansa ban gaya maka ba, ko da yake a wannan karon na riga na yi.

Ka san halin da ake ciki. Jiragen Faransa masu farautar jirage suna ta kame namu a hanyar tsibiran kudu, gwamnati kuma ta ba 'yan kasuwa izini kowa ya ɗora igwa a jirginsa. Garin ya dare biyu. Samari na yawo da baƙin ƙyalle a hula suna waƙar yaƙi, wasu kuma da mai launi uku irin na Faransa, in suka haɗu a lungu sai a nemo likita. Mu 'yan Taron Abokai, waɗanda ake kira Kweka, da ba ma sa ko ɗaya, ba ma kuma taɓa makami, kowane ɓangare gani yake na ɗayan ne mu. An zo mini da karo-karon gina jirgin yaƙi, na ba su shayi na raka su ƙofa.

To, an cika Concord da gangunan fulawa, amma ma'aikata suka ƙi hawa. Silas, mataimakin ɗana Asher, wanda ba ɗan Taro ba ne kuma bakinsa ba linzami, ya tsaya a gaban kowa ya ce mini, “Uwar gida, ku dai Allah ya ba ku sanyin zuciya. Amma in Bafaranshe ya taso mana, da me za mu tare shi? Zama za mu yi mu yi masa shirun ibada har ya ji kunya ya koma?”

Aka yi dariya, Asher bai yi ba. Da muka koma gida ya ce, “Inna, ni ne kyaftin. Ba zan ɗauki abin kashe mutum ba, ba kuma zan kai 'ya'yan mutane tsakiyar teku hannu wofi ba. Ki nemo mini hanya ta uku.”

Na nemo. Ka tuna tsohon jigon jirgin nan da ke ruɓewa a bayan sito? Na sa an kai shi wata mashigar ruwa a ƙasa da gari inda ba idon jama'a, aka yanka shi gida shida, aka fafe bakin kowanne, aka shafe su da kwalta. An girke uku a kowane gefe, an lulluɓe da tamfol, baki kawai ke leƙowa. Da Silas ya gani ya yi wata rantsuwa da ba zan rubuta ba, sannan ya ce zai hau. Sauran suka bi shi. Ta madubin hangen nesa igwa ce sak, kuma mai farautar jirage ba gwarzo ba ne, ɗan kasuwa ne kamar mu, ba ya son kaya mai cizo.

Na auna abin da zuciyata. Ba mu ce wa kowa igwa ce ba, wanda ya kalla shi ya yanke wa kansa. Na san za ka ce wannan wayon lauya ne. Ka faɗa, zan saurara. Amma ka riƙe maganar a cikinka tukuna.

Asher zai sauke fulawa a St. Thomas, ya wuce Havana, ya yi ta zirga-zirga tsakanin tsibirai gwargwadon kayan da ya samu. Na ba Aboki Enoch Rudd wannan ya kawo maka da hannunsa, don a bana ma'aikatan gidan waya sun fi masu wasiƙa son karatu.

Ƙanwarka,
Keturah Brantham

Philadelphia, ƙarshen Wata na Bakwai

Yaya Jabez,

Gaisuwa, da fatan lafiya. Wannan ta gidan waya ce, don haka ina gaida wanda zai buɗe ta a hanya shi ma.

Concord ya tashi lafiya. Igwa shidan sun zauna daram, kowa a bakin kogi ya gan su. Maƙwabcinmu mai sayar da igiya, wanda rabonsa da gaishe ni tun rasuwar mijina, ya cire hula ya ce, “Kai, ashe 'yan Kweka ma sun fara wayewa! Saura ki sa baƙin ƙyalle, uwar gida.” Na ce masa kallabina ya ishe ni. Bayanin komai ka riga ka gani.

An ce zazzaɓin shawara ya ɓulla a layin bakin ruwa. Likitoci na musu, masu akwatin gawa ba sa musu.

Keturah

New Bedford, Wata na Takwas

Ƙanwata Keturah,

Ina gaishe ki. Gwiwa tana nan yadda kika san ta. Mehitabel ta yi mura ta warke. Man kifi ya yi araha, kyandir kuma ba ya tafiya, amma ba a kan wannan na ɗauki alƙalami ba.

Takarda ɗaya ce ta zo mini daga gare ki, gajera, kuma na karanta ta sau uku ina fatan idona ne. Kin ce na riga na ga bayani. Ban ga komai ba, ban kuma san bayanin da zai wanke igwa shida ba.

Ke kina gidan mijinki a lokacin, amma ni ina tsaye a tsakar gida ranar da aka ci yaƙin 'yanci, aka ce kowa ya kunna kyandir a taga don murna. Kakanmu ya ƙi. Ya ce ba ya murnar mutuwar kowa, ko da na sojan abokan gaba mai jan kaya ne. Suka farfasa mana tagogi kaf, ya zauna a kujerarsa da hularsa a kai har suka gaji. Jirgin da mutumin nan ya bari ne yau yake yawo da baki shida na ƙarfe, kuma sunana na jikin rabinsa. Mai sayar da igiya ya cire miki hula, kin kuwa ji daɗi har kin rubuto.

Na san Asher ɗanki ne tilo. Ni ma ina da 'ya'ya a teku. Ban ga inda aka ce dokar ta tsaya a ƙofar gidan mai ɗa ɗaya ba.

Ba na abu a ɓoye, don haka ga abin da na yi: na rubuta wa dattawan Taronku na Philadelphia cewa ba da sanina aka yi ba, ba kuma da yardata ba, na roƙe su su zo su yi miki magana cikin ƙauna. In kin sauke su kin amsa kuskure, magana ta ƙare.

Yayanki,
Jabez Tolland

Germantown, Wata na Goma Sha Ɗaya

Yaya Jabez,

Ina gaishe ka da iyali. Ka yi haƙuri da dogon shiru. Zazzaɓin ya kori duk mai ƙafa daga gari, mu ma muka taho nan wurin dangin mijina. Ni ban kamu ba. Mai sharar sitonmu da matarsa sun rasu, haka kafintan da ya yi mana aiki a jirgi. Yanzu sanyi ya sauko, cutar ta lafa, ana komawa kaɗan-kaɗan.

Na gane daga takardarka cewa Enoch bai iso ka ba. Na bincika, ashe ya kwanta a Burlington, an killace gidan da yake da duk abin da ke cikin jakarsa. Yana samun sauƙi. In ya iso, ka karanta kai kaɗai.

Dattawa sun amsa roƙonka. Sun turo mini Zillah Hartop da Damaris Peel. Zillah ce ta kama hannuna ranar aurena, ka kuwa san ba muguwa ba ce. Muka zauna shiru kamar yadda aka saba, har shayi ya huce, sannan ta ce, “Keturah, da izininki aka ɗora abin da aka gani a jirgin nan?”

Na ce, “Da izinina.”

“Kina nadama?”

“A'a.”

Damaris ta ce, “Haba 'yar'uwa, ki taimake mu mana. Kin san duk abin da kika faɗa mana shi za mu karanta a gaban Taro, ba ƙari ba ragi. Ba ki da wata magana da za ta sassauta?”

Na ce, “Ina da ita. Kuma don na san za ku karanta a gaban Taro ne ba zan faɗa ba.”

Zillah ta ajiye kofin shayinta. Ta ce, “Sai yaushe?”

Na ce, “Sai ɗana ya taka ƙasar nan da ƙafarsa.”

Sun dawo har sau biyu, amsar ba ta canja ba. A zaman watan jiya aka karanta cewa ni da Asher mun fita daga cikin Abokai. Ba hayaniya, mu ai ba mu iya ta ba. Ina iya zuwa ibada in zauna a baya, amma in za a shiga sha'anin Taro sai in tashi in fita tare da baƙi. Na yi hakan a karon farko, na tarar ban san inda ake tsayawa a waje ba. Ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Amma na ɗauka da idona biyu, kuma zan iya ɗauka har bazara.

Takarda ta zo daga Asher. Sau biyu jirgi ya bi su a hanyar St. Thomas, ya matso, ya ga abin da ya gani, ya juya. Yanzu suna Havana, akwai sauran zuwa biyu ko uku kafin su kamo hanyar gida.

Ban riƙe ka da komai ba, ka yi abin da ka gani ne. Abu ɗaya nake roƙo: in saƙon Enoch ya zo, kada ka gyara komai. Kada ka wanke ni. Ka bar ni yadda nake har jirgi ya shigo kogi.

Keturah

New Bedford, Wata na Goma Sha Ɗaya

Ƙanwata Keturah,

Ina gaishe ki, ina kuma fata cutar nan ta tsallake gidanki, don rabona da jin ɗuriyarki tun Wata na Bakwai. Mu lafiya.

Abu biyu suka iso mini a mako guda. Na farko amsar magatakardan Taronku, cewa an cire ki ke da Asher. Na biyu Enoch Rudd, a rame kamar sanda, da takardarki ta fari tana warin hayaƙin da aka turara ta da shi. Na karanta a tsaye, sannan na nemi kujera.

Katako! Keturah, katako, kuma kika bari aka karanta sunanki a kansa. Ban ce na yarda da dabarar ba. Wanda ya shirya abu don ido ya ga ƙarya, bai yi nisa da wanda ya faɗe ta da baki ba, kuma za mu yi wannan maganar in mun haɗu. Amma ni na ce ƙarfe ne, na sa hannu, aka hukunta ki a kan shaidata. Shaidar ƙarya ce na bayar, ko da ban sani ba, kuma mutum ba ya kwana da irin wannan.

Na gyara. Na rubuta wa dattawanku gaskiyar magana. Da yake kuma a bainar jama'a aka ɓata sunan gidan, a bainar jama'a ya kamata a wanke shi, don haka na aika wa jarida ɗaya a Philadelphia, ɗaya a New York, da wannan:

“Ana sanar da jama'a cewa jirgin Concord, mallakar Tolland da Brantham, ba ya ɗauke da makami kowane iri. Abubuwa shida da aka gani a gefensa katako ne da aka shafa wa kwalta. Gidan nan bai taɓa ɗora igwa a jirgi ba, ba kuma zai ɗora ba.”

Mehitabel ta ce, “Jabez, ka tambaye ta mana kafin ka aika. Matar nan ba ta yin shiru a banza.” Na ce mata gaskiya ba ta jiran izinin kowa. Na ga inda kika ce in riƙe tukuna, na kuma fahimci kina nufin har jirgi ya fita kogi ya yi nisa. Yanzu watanni sun shige, fulawa ta daɗe da zama burodi.

Ina sa ran kafin sabuwar shekara ki koma mazauninki.

Yayanki,
Jabez

Philadelphia, Wata na Goma Sha Biyu

Yaya Jabez,

Lafiya muke. Na dawo gari.

Jaridar ta riga takardarka zuwa. Mai sayar da igiya ne ya kawo mini har ƙofa, yana dariya har da hawaye. Ya ce, “Uwar gida, ashe itacen girki na cire wa hula! Ki ba ni ɗaya in sun dawo, sanyi ya yi yawa bana.” A gidan shan kofi na bakin ruwa an manna ta a bango. Rabin masu zama a wurin Faransawa ne da suka gudo daga tsibirai, kowannensu kuma yana da ɗan'uwa a can.

Na zagaya na sayi duk wadda na samu, na gane wauta nake yi na daina. Jirage da dama sun riga sun tashi zuwa kudu, kuma ba kyaftin ɗin da ke tafiya ba tare da damin jaridu ba, don da su ake gaisawa a kowace tasha. Na aika wa Asher ta hannu uku cewa ya tsaya a Havana kada ya motsa. Ban san ko yana can ba.

Ba ka taɓa tura jirgi tsibirai ba, naku na kifi ne, shi ya sa, duk da na rubuta maka zirga-zirga zai yi, ka ɗauka tafiya ɗaya ce a sauke a dawo. Da na san haka za ka karanta “tukuna”, da na ƙara layi ɗaya. Ina jin takardata ta Germantown ta same ka yanzu.

Keturah

New Bedford, Wata na Biyu, 1799

Ƙanwata,

Ina gaishe ki. Jikina ba daɗi, amma ba abin faɗa ba ne.

Ta Germantown ta zo bayan tawa ta tafi. Na karanta. Kullum ina saukowa bakin ruwa da sanda ina tambayar duk jirgin da ya shigo daga kudu, har yaran tasha sun fara kwaikwayon tafiyata. Wani ya ce ya ga Concord a Havana, wani ya ce ba shi ba ne. Na rubuto sau biyu ba amsa. In akwai labari, kowane iri ne, ki faɗa mini. In kuma akwai abin da rabona na jirgin ko na sito zai iya yi, naki ne.

Mehitabel ba ta ce mini komai ba, da ma ta faɗa.

Keturah, kin yafe mini?

Jabez

Philadelphia, Wata na Biyar

Yaya Jabez,

Bayan gaisuwa, ina fata jikin ya yi sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, ina ci ina sha. Bishiyoyin layinmu sun yi ganye.

Silas ya dawo, a jirgin wasu mutanen Baltimore. Ya zo bai ko wanke jiki ba, ya tsaya a ƙofa yana murza hula. Zan ba ka yadda ya faɗa.

Saƙona bai same su ba, sun riga sun bar Havana da buhunan kofi. Kwana kaɗan da fita wani ƙaramin jirgi ya biyo su. Silas ya ce, “Uwar gida, mun yaye tamfol kamar kullum, mun tsaya a bayan igwogin muna ta kai da kawo kamar masu ɗura albarushi. Sau huɗu muna yin haka yana ci. Wannan ko rage gudu bai yi ba. Ya zo ya jingina da mu kamar mai shiga gidan surukai.” Kyaftin ɗinsu ya hau, ya ƙwanƙwasa ta farko da ɗan yatsa, ya zaro jarida daga aljihu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba takarda, har shida. Sannan ya ce da Asher cikin ladabi, bai taɓa cin karo da gidan kasuwa mai gaskiya irin wannan ba.

Ba a harba komai ba, ba a zubar da jinin kowa ba. Na san za ka so jin wannan, kuma gaskiya ce, shi ya sa na rubuta.

An kai su Guadeloupe. Bayan wani lokaci aka saki ma'aikata, aka riƙe kyaftin har kotunsu ta zauna a kan jirgin. Kurkukun na bakin fadama ne. Silas ya ƙi tafiya, ya nemi aikin dako a garin yana kai masa ruwa da lemo. Zazzaɓi ya kama Asher a Wata na Uku, bai daɗe ba. Silas ya ce hankalinsa na jikinsa har kusan ƙarshe, kuma ya tambaya ko an mayar da ni Taro. Silas ya ce masa an mayar. Bai sani ba a lokacin, faɗa kawai ya yi, ban kuma tsawata masa ba.

An binne shi a bayan kurkukun, ba dutse a kansa. Mu ma ba ma sa wa namu, don haka ta nan bai rasa komai ba.

An kuwa mayar da mu ɗin. Da takardarka ta isa ga dattawa suka ce katako ba makami ba ne, sai dai abin a yi nasiha. Zillah ta zo da kanta ta kama hannuna ta kai ni mazaunina na da. An karanta sunan Asher tare da nawa a zaman Wata na Huɗu, ba wanda ya san ya yi wata a ƙasa. Ka samu abin da ka nema, sunan gidan fes yake.

Rabonka na sito ka riƙe abinka, ba abin da zai yi.

Ka tambaye ni ko na yafe maka. Ni da kai gida ɗaya ya rene mu, an hana mu faɗin abin da ba haka yake ba, ko don a faranta wa mai ciwo. Saboda haka kada ka sake tambayata a bana.

Ka gaida Yaya Mehitabel.

Ƙanwarka,
Keturah